Jan Tabo a Bayan Sadaf

Ɗan kasuwar da ke zuwa daga Fot Sudan sayen sadaf, wato ɓawon kawar lu'ulu'u, ba ya fara duban cikin ɓawo, inda ƙyallin yake. Bayan yake juyowa. Ya kai shi dab da ido, ya shafa da babban yatsa, wani sa'in ya ƙwanƙwasa da gindin wuƙa ya kasa kunne. In ƙarar ta fito garau, ɓawon ya faɗa buhun dama. In ta fito a dishe, ko ya hango 'yan huji-huji a wajen gindi, sai ya cilla shi hagu bai ce uffan ba. Kuɗin buhun hagu bai taka kara ya karya ba. Maɓallan riga ake yankowa daga wannan ɓawo a masana'antun ƙetare, wanda kuwa aka rarake ta ciki marmashewa yake yi a bakin injin. Wahalar shekaru ce mutumin ke rabawa gida biyu, mu kuma muna tsaye muna kallo.

A 1996 na fara ganin wannan tankaɗe da rairaya. Ni haifaffen Fot Sudan ne. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a Mai Wurno, suka yi ƙwadagon auduga a Jazira don haɗa guzuri, suka gangaro har Sawakin. Wasu sun haye Jidda, wasu guzurin ya ƙare musu a bakin ruwa. Mu jikokin waɗanda suka zauna ne. Sana'o'inmu a gari sanannu ne: dako a tashar jiragen ruwa, ɗinki, gashin agashe da yamma. Teku kuwa mun bar wa masu ita. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya fita zakka. Ya fara da dafa abinci a jirgin masunta, ya ƙare da kula da ma'aikata a wata 'yar gonar kawar lu'ulu'u kusa da ƙauyen Muhammad Gol. Da na gama sakandare na zauna ba aikin fari ba na baƙi, sai ya ce wa mahaifiyata, "Yaya, ba ni yaron nan ya je ya koyi cin guminsa." Ko iyo ban iya ba a lokacin.

Dungunab, inda gonar take, wani babban lungu ne da Bahar Maliya ta kutsa cikin ƙasa, kimanin kilomita 125 arewa da Fot Sudan. Ta yamma duwatsu ne tsirara, ta gabas dogon zirin ƙasar Rawaya ya tare shi daga babbar teku. Babu kogi ko ɗaya da ke zuba a Bahar Maliya duk shekara, ruwan sama ɗan kaɗan ne, shi ma da hunturu yake zuwa, ga rana na ƙafar da ruwan kullum. Shi ya sa gishirinta ya kai wajen giram 40 a lita ɗaya, alhali na manyan tekuna wajen 35 ne, a cikin lungun ma ya ɗara haka. Ruwan garau yake, kana cikin huri, wato ƙaramin kwale-kwale, kana ƙirga duwatsun ƙasa. Akwai ciyawar ruwa inda ɗan'uwan ayu ke kiwo, akwai itatuwan shora da raƙuman 'yan ƙabilar Bija ke shiga ruwa su ci ganyensu. Mutanen wurin masu nutso ne kaka da kakanni. Suna tsamo sadaf, da wani ɓawo da ake kira kokiyan, da dodon koɗin da ake cire wa farcen nan da mata ke sawa a humra. Ruwan sha a tanka ake kawo mana, kuma ya fi komai daraja.

Noman kawa a wurin ba sabon abu ba ne. Wani Bature masanin dabbobin ruwa, Cyril Crossland, shi ya kafa shi a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin gwamnatin wancan zamani, ya zauna a Dungunab har 1922, ya kuma wallafa littafi a kan wannan gaɓa a 1913. Dabarar da ya bari muke bi, da 'yan gyare-gyare. Kawar mai baƙin leɓe ce, wadda masana ke kira Pinctada margaritifera, kuma lokacin zafi take zubar da ƙwai. Sai a rataya tsagin gora da igiyoyi a ruwa, 'ya'yan su zo su maƙale. In sun yi ƙwari a kwashe su a zuba a tiren ragar waya mai murfi, don kada kifaye masu ƙarfin haƙori su farfasa su, a ɗora a kan dandamali a ƙarƙashin ruwa. Daga nan sai jira da wanki. Duk wani abin da ke neman wurin zama a teku yana ganin bayan kawa fili ne da ba mai shi: gansakuka, tsutsotsi masu gidan alli, ƙananan kawa na wani iri. Aikina in zauna a inuwar rumfa da guntuwar wuƙa da burushi, a tsamo tire, in kankare, a mayar.

Yawancin dattin yana fita da kankara ɗaya. Ban da jan tabon. Ɗige-ɗige ne ja mai sirkin ruwan lemo, kowanne bai wuce milimita 1 ba, a warwatse a bayan manyan kawa, sun fi yawa a wajen gindi inda ɓawon ya fi kauri da tsufa. A wasu, ɗigo ya haɗe da ɗigo har ya zama siririyar shimfiɗa mai laushi. In ka kankare, wuƙa ta ɗebo ɗan jan abu mai ƙarni, a ƙarƙashinsa kuma sai ka ga huji, zagayayye tsaf. Ka mayar da kawar ruwa, in aka sake tsamo tiren bayan 'yan makonni, jan ya dawo cikin hujinsa, har ya ƙaro 'yan'uwa. Ma'aikata ciwo kawai suke ce masa. Kawu ya ɗora laifin a kan tsatsar raga, ya sa aka sauya raga, bai hana ba.

Akwai wani dattijo Bija a cikinmu, tsohon mai nutso wanda zurfi ya kashe masa kunne ɗaya. Ammu muke ce masa. Ba ya yawan magana sai in an ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta. Wata rana ya ga ina ta dirzar wani ɓawo har hannuna ya fashe, sai ya miƙo hannu na ba shi. Ya zare naman, ya ɗora ɓawon a kan dutse, ya danna da tafin hannu kawai. Ɓawon da ya kamata a ce sai da guduma, nan take ya dare gida biyu. "Ɗana, duba nan," in ji shi. "Kai kana ta fama da waje, shi yana ciki." Tsakanin fatar waje da ƙyallin ciki, duk kaurin ɓawon ya zama 'yan ɗakuna ƙanana, kowanne haɗe da na kusa da shi ta siririyar kafa, kowanne cike da jan nama. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne katakon ɗakin kakata da gara ta cinye, waje lafiya lau, ciki fanko. Sai dai gara cin itacen take yi. Wannan kuwa ba ya cin ɓawon ko kaɗan, masauki kawai yake haƙa wa kansa.

Ita ma kawar ba ta zuba ido ba. Ammu ya juya mini cikin ɓawon. Duk inda ramin ya kusa ɓullowa, ta shafa wani baƙin abu ta toshe, ta sake shimfiɗa ƙyalli a kai, wurin ya yi tudu ya yi duhu. Ƙarfin da za ta sa a girma ya tafi a faci. Shi ya sa wadda tabon ya kama sosai takan tsumbure, namanta ya rame. In kuwa ramin ya kai inda tsokar rufe ɓawon ta kama, sai ta kasa rufewa da kyau, kaguwa ko kifi su ƙarasa ta.

Da hunturun 1997 wata malama mai nazarin halittun teku ta zo daga Fot Sudan da ɗalibanta, suka kafa tanti kusa da rumfarmu. Ba don mu suka zo ba, ciyawar ruwa suke aunawa, amma Kawu ba ya barin dama ta wuce shi. Ya aika musu da soyayyen kifi, washegari ya tura ni da bokiti da 'yan kawa masu tabo. Ta duba ta ce, "Soso ne." Na ce, "Malama, soso kuma? A cikin ɓawo?" Ta ce dabba ce mai rai, kamar kawar da take zaune a jikinta. Ban musa ba don kunya, amma fuskata ta musa. Sai ta sa kawa ɗaya a kwanon gilashi da ruwan teku, ta ce kada wanda ya ƙara taɓa teburin. Can an jima jajayen ɗigon nan suka ɗago, suka ɗan leƙo daga hujinsu. Ta miƙo mini madubin hannu. Ashe iri biyu ne. Wasu samansu cike da 'yan ƙofofi ƙanana ƙwarai, wasu kuma baki ɗaya ne buɗe a tsakiya. Ta ɗiga wani koren rini da sirinji kusa da masu ƙananan ƙofofin. Muna kallo rinin ya shige cikin ɓawon. Jim kaɗan sai ga shi yana fitowa ta masu buɗaɗɗen bakin, siririn kore yana miƙewa sama a cikin ruwan da ko motsi ba ya yi. Na kai tsinke na taɓa ɗaya. Bai zabura ba. A hankali ya tsuke bakinsa ya koma rami.

Da daddare, a gaban fitilar gas, ta yi wa ɗalibanta bayani, ni kuma na raɓe a bakin tanti. Soso ba shi da baki, ba hanji, ba zuciya, ba jini, ba jijiyar ji ko ɗaya. Jikinsa duka hanyoyin ruwa ne. Can ciki akwai 'yan ɗakuna da ƙwayoyin halitta suka jeru a bangonsu, kowace da gashi guda da take kaɗawa ba hutu. Kaɗawar dubbansu ita ke jan ruwa ta ƙananan ƙofofi, ta tura shi waje ta manya. A gindin kowane gashi akwai zoben wasu siraran yatsu da ke tace bakteriya da sauran abin da ido ba ya gani. Abincinsa ke nan, numfashinsa ke nan, ta nan kuma yake fitar da ƙazanta da iri. A yini ɗaya soso kan tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai. An san nau'i fiye da 9,000, kusan dukansu a teku. Robert Grant na Edinbara, malamin da Charles Darwin ya riƙa bi bakin teku yana ɗalibi, ya yi suna ne wajen tabbatar da wannan zagayen ruwa, kuma shi ne a 1826 ya raɗa wa wani soso mai huda suna Cliona celata, bayan ya same shi a ɓawon kawar gaɓar Sikotilan. Namu ja ɗan'uwansa ne, Pione vastifica, wanda Albany Hancock ya fara bayyanawa a 1849.

Ba launi ta duba ta faɗi sunan ba, ta ce launin soso yana yaudara. Da safe ta yanko ɗan jan naman ta jefa a ruwan bilic. Naman ya narke, wani farin gari ya kwanta a gindin kwalba. Ta wanke shi, ta ɗiga a gilashi, ta sa a ƙarƙashin wani tsohon maikiroskof mai karɓar hasken rana ta madubi, ta ce mu leƙa. Allurai ne na gilashi, ɗaruruwa, a barbaje. Wasu dogaye masu tsini a kai ɗaya da ƙulli a ɗayan, wasu masu tsini ta kai biyu da 'yan ƙayoyi a jiki, wasu gajeru ƙwarai. Soson ne ke ƙera su daga silikar da ke narke a ruwan teku. Su ne ƙashinsa, kuma da siffarsu ake bambance wannan nau'i da wancan. Kawu ya ɗago kai ya ce, "To da waɗannan yake huda mana ɓawo ke nan." Ta yi dariya ta ce akwai masanan da da suka yi irin wannan zato. Ta ɗebo 'yar lakar da ta taru a gindin kwanon jiya, ƙarƙashin kawar, ta sa a gilashi. Ɓarɓashin alli ne, kusan duk girmansu ɗaya, wajen kashi 1 cikin 20 na milimita, kowanne gefe ɗaya a kumbure, sauran gefunan a lotse. Wasu ƙwayoyin halitta ne na musamman ke manne wa ɓawon, su narkar da siririn layi a zagaye da sinadari, su yi ta zurfafa shi har su kewaye ɗan guntu ta ƙarƙashi. Guntun ya ɓalle, ruwan da ke fita ya tafi da shi. Guntu bayan guntu, dare da rana. Shekaru bayan haka na karanta cewa a 2007 wasu masu bincike a Ilat, can ƙuryar arewacin Bahar Maliya, sun auna aikin irin wannan jan soson, suka tarar abin da yake narkarwa ya ninka abin da yake fitarwa a guntaye sau uku.

Kawu ba ruwansa da Darwin. "Malama, maganinsa muke so," in ji shi. Ta ce kankara ba magani ba ce, tana ma iya zama shuka. Tun a 1907 wani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki har ya zama ruwa-ruwa, ƙwayoyin suka sake neman juna, suka haɗu suka zama sababbin soso. Mu kuwa abin da muka kankare a bakin ruwa muke zubarwa, dab da tirenmu. Abin da ya fi, in ji ta, a yi amfani da abin da kawa ke da shi wanda soso ba shi da shi. Kawa na iya rufe ɓawonta ta jira, soso ba shi da abin rufewa. A tsoma su a ruwan daɗi ko a ruwan gishiri mai kauri na ɗan lokaci, a shanya a inuwa, a mayar teku. Da ta ambaci ruwan daɗi sai ma'aikata suka fashe da dariya, don wanda muke sha ma da awo ake ba mu. Gishiri kuwa ga shi nan jibge a Rawaya.

Muka raba duro gida biyu, muka yi ta zuba gishiri har ya ƙi narkewa. Gwajin farko ya zo da hasara. Irin wannan kawa tana da 'yar kafa a gefe inda zaren da take maƙalewa da shi ke fita. Gishirin ya shiga ta nan, ƙananan da aka bari suka daɗe a duro suka mutu da yawa. Mai gonar ya zo daga gari ya yi ta faɗa, wai an bar 'yan boko suna wasa da dukiyarsa. Kawu ya yi shiru har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka bar mini tire biyar na manya. In sun mutu ka cire a albashina." Ya rage lokacin tsomawa zuwa 'yan mintoci, ya ƙyale ƙanana, ya sa ana yi da sassafe kafin rana ta ɗaga. Bayan 'yan kwanaki jan ya koma toka-toka, ya ruɓe, warinsa ya cika rumfa. Kawar ta rayu. Hujin da aka riga aka yi ba ya cikewa, amma ya daina ƙaruwa.

Inda abin ke fitowa kuwa Ammu ne ya gano, ba malama ba. Ya ɗauke ni a huri da gwangwaninsa mai gindin gilashi, wanda masu nutso ke kifawa a ruwa su ga ƙasa. Ƙarƙashin dandamalinmu akwai tulin tsofaffin ɓawo na shekara da shekaru, don duk kawar da ta mutu nan ake sakinta. Ya nutsa ya ɗebo 'yan kaɗan. Jajawur. Tsutsar soso 'yar mitsitsiya ce mai gashi-gashi, ba ta da ƙarfin doguwar tafiya. Tana iyo na sa'o'i ko 'yan kwanaki, ta sauka a kan allin da ta samu, ta baje, shi ke nan ta zauna. Muka ɗauki makonni muna kwashe tulin muna jibgewa a tudu, rana ta gama da shi.

A wannan aikin kwasa na koyi nutso, a nan kuma na fara ganin sauran dangin. Saman dutsen murjani, inda rana ke bugawa, na murjani ne da gansakuka. Amma ka juya wani faffaɗan dutse, ko ka leƙa ƙarƙashin inda dutsen ya yi rumfa, sai ka ga ba masakar tsinke. Shimfiɗu ne sirara, kaurin wasu bai kai milimita 2 ba, ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, shunayya, fari, kowace ta bi lanƙwasar dutsen ta manne, iyakarta na gogar ta maƙwabciyarta. A kan wasu kana ganin hanyoyin ruwan ta ƙarƙashin fata, sun taho daga ko'ina sun taru a baki guda. Waɗannan ba sa huda, shimfiɗa kawai suke yi, kuma siffar ta dace da wurin. Inda igiyar ruwa ke duka, abin da ya miƙe tsaye karyewa yake yi, wanda ya kwanta ya manne shi ke saura. A duhu kuma babu gansakukar da za ta rufe su. Ba su da gudu, ba su da wurin ɓuya, don haka da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke sa kifi ya tofar, da su kuma suke ƙone gefen maƙwabci su samu wuri. Kunkurun teku mai bakin shaho na cikin 'yan kaɗan da suka mai da soso abincinsu. Ammu ya hana ni barin dutse a juye. In na ɗaga, dole in mayar da shi yadda na same shi, don abin da ke ƙasa ba ya jure rana.

A ganina masu zuwa Bahar Maliya da kyamara rabin abin kawai suke kallo. Kifin shak da manta mai manyan fuka-fukai suke nema, kuma da UNESCO ta sa Dungunab da Sanganeb cikin wuraren gado na duniya a 2016, irinsu aka yi ta nunawa a hotuna. Amma a 2001 Claudio Richter da abokan aikinsa sun ba da rahoton abin da suka gani da suka zura 'yar kyamara cikin ramuka da lungunan dutsen murjani a Aƙaba. Faɗin bangon da ke ɓoye a ciki ya ninka faɗin filin da dutsen ya zauna a kai fiye da sau biyu, soso mai shimfiɗa ne ya fi yawa a jikinsa, kuma ana tace fiye da rabin ƙananan tsirran da ruwa ke shiga da su. Abin da soson ya fitar bayan ya ci shi ke zama taki ga murjanin da ke sama. Ruwan da ya yi garau irin namu ruwa ne da ba abinci a cikinsa sosai, ɗan abin da ke akwai kuma waɗannan shimfiɗu na cikin masu kama shi kafin ya wuce.

Zafin 1998 daban ne. Kowace shekara ruwan wannan gaɓa yakan ja baya da zafi ya dawo da hunturu, tashi da saukar kullum kuwa ba su da yawa a tsakiyar Bahar Maliya. Amma a waccan shekarar iskar arewa da ke sanyaya mu ta ɗauke kwana da kwanaki, teku ta kwanta, ruwan bakin gaɓa ya yi ɗumi har ba ya wartsakar da mai nutso. Wajen watan Agusta murjanin da ke gaban rumfarmu ya fara fari. Murjani na rayuwa ne da wasu ƙananan tsirrai a cikin namansa, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa, in zafi ya yi yawa sai ya rabu da su. Daga baya muka ji cewa haka aka yi a tekunan duniya da dama a shekarar. Wasu sun farfaɗo da sanyi ya shigo. Da yawa a ruwa marar zurfi sun mutu, gansakuka ta rufe su.

Murjanin da ya mutu alli ne tsirara, ba mai tsaronsa. A shekarar da ta biyo na ga wani ɗan'uwan soson namu, mai launin ƙasa-ƙasa, yana bin kawunan da suka mutu. Shi ba ya ɓuya a ɗige-ɗige. A fili yake shimfiɗa, a saman da rana ke bugawa, domin shi ma yana da irin waɗancan tsirrai a jikinsa, kuma ya fi murjani jure zafi. Sama fata ce mai laushi da bakuna a warwatse, ƙasa kuwa ya rarake dutsen zurfin gaɓar yatsa. Inda ya iske sauran murjani mai rai, ta ƙarƙashi yake bi masa, ya kwashe allin da yake zaune a kai, gefen ya yi ta ja da baya. A lafiyayyen dutse wannan sassaƙa ba ɓarna ba ce. Murjani na gini, soso da bushiyar teku da kifin harid mai bakin aku na sassaƙa, ɓarɓashin ya zama lallausan yashin da ciyawar ruwa ke tsirowa a kai, ramukan su zama gidajen wasu. Sai dai a gaban rumfarmu ginin ya tsaya, sassaƙar ba ta tsaya ba.

Akwai wani babban kan murjani a bakin mashigarmu da aka zarga wa sarƙa tun kafin zuwana, a nan muke ɗaure huri da kwale-kwalen inji. Ya mutu a wancan zafin, mai launin ƙasa-ƙasan ya hau shi. A ƙarshen 1999 wata iska mai ƙarfi ta taso da dare. Da safe muka tarar da kwale-kwalen can a kan tudun yashi, ya tsage a gefe, sarƙar na jan guntun dutsen da ya ɓalle. Ammu ya sa ƙafa ya taka guntun, ya marmashe. Cikinsa duk ɗakuna ne, tsofaffi da sababbi. An daɗe ana haƙarsa, murjanin da ke ta sabunta bayansa ne kawai ya rufa masa asiri. Gyaran kwale-kwalen ya ci kuɗin buhunan sadaf masu yawa. Kawu ya je Muhammad Gol ya sayo mataccen injin lori a wurin wani makanike, muka ɗora shi a kan durori muka ja shi zuwa mashigar muka nutsar, muka mayar da sarƙar jikinsa. Kafin in bar aikin in koma gari, soso ya lulluɓe ƙarƙashin injin, ja da ruwan ɗorawa, amma masu shimfiɗa ne kawai. Mai huda ba shi da abin yi da ƙarfe, sai da 'yan kawar da suka zo suka maƙale a jikin injin, su kuwa ya same su.